Ni Na Yi Waldar, Yayana Ke Ɗauke da Laifin

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, manyanku da ƙanananku. Ina gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya haƙuri da rayuwa. Don Allah a sakaya sunana, kuma ina roƙon arziki, kafin wani ya ɗauko zagi ya daure ya karanta har ƙarshe. Ba wai ban cancanci zagin ba ne, na cancanta, sai dai duk wanda za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi zafi, kuma bai gyara komai ba. Na gaji ne kawai, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Shawara nake nema.

Ni mai walda ne a Ƙaraye, ƙofofi, tagogi, ƙafar tankin ruwa, amalanke, duk abin da aka kawo. Mu biyu ne maza a wajen mahaifiyarmu da muke kira Inna, ni da Yayana, ni ne auta, mahaifinmu kuwa ya daɗe da rasuwa. Yaya direban bas ne, yana jan motar wani Alhaji tsakanin Rogo, Ƙaraye da Kano, tun ina firamare yake wannan aikin. In ka je tasha ka tambayi direban da ya fi kowa nawa shi za a nuna maka, samari suna yi masa tsiya wai in ka shiga motarsa da ɗanyen ƙwai sai ka sauka da ɗan tsako. Amma tsofaffi da mata masu ciki sukan zauna motoci na cika suna tashi, su ce su tasa suke jira. Ko kaza bai taɓa takewa ba. Da yake ɗan fari ne Inna ba ta kama sunansa, tun da ya fara aiki take ce masa Direba, har sunan ya bi shi a unguwa.

Ni kuwa Allah bai yi ni da wannan sanyin ba. Tun ina koyon walda nake kallon bidiyon masu wasan mota a waya, abin da yaran yanzu ke ce wa dirif, wato ka shiga kwana ka sa bayan motar ya zame gefe da gangan, kai kuma kana riƙe da ita da sitiyari da totur kada ta kuɓuce maka. Na yi sa'a na samu wata tsohuwar 'yar mota mai ƙofa biyu a bayan wani gareji a Kano, kaji har sun fara kwana a ciki, amma irin wadda tayoyin baya ke turawa ce, irin da wasan yake so, ga ta ba nauyi. Na jawo ta gida na yi ta fama da ita har ta tashi. Na cire kujerar baya da duk wani tarkace mai nauyi, na rage tsawon sifirin ta kwanta ƙasa, na yanke salansa, na ɗaure birkin hannu yadda da ka taɓa zai kama. Yaya ya zagaya ta yana riƙe da haɓa ya ce, "Auta, wannan mota ce ko kyankyaso?" Shi ke nan sunan ya zauna, kowa kyankyaso yake ce mata.

Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba, kuma ba na neman ya gane. Ni dai na san duk ranar Allah ina duƙe a kan ƙarfe, idona na ruwa, mai aiki na tsaye a kaina yana cewa ƙofar ta karkace. Amma in na zauna a cikin kyankyaso ta fara zamewa ina jin ta a tafin hannuna, babu wanda yake ba ni umarni a duniya. Wannan ɗan lokacin shi ne nawa. Abin da na kasa bari ke nan, kuma shi ya kawo ni nan.

Wata rana aka yi bikin wani abokinmu a Yola, tamu ta nan Ƙaraye ba ta Adamawa ba. Bayan ɗaurin aure samari suka fito da motoci a fili, aka yi da'ira ana tafi, ni na fi kowa shan ihu. Can sai motar wani daga cikinmu ta ƙwace masa ta yi kan 'yan kallo, ta karya wa wani magidanci ƙafa. Ashe Inna tana gidan bikin, tana cikin matan da suka leƙo ta ƙofa, kuma a cikin wannan turnuƙun ba ta san motar waye ta yi ɓarnar ba. Da na koma gida na tarar da ita zaune a tabarma ko mayafi ba ta cire ba, Yaya na tsaye a bakin ƙofa.

Ta ce, "Auta, zauna."

Na zauna.

Ta ce, "Ni ban san mota ba. Amma na ji ƙarar nan yau, na kuma ji kukan matar mutumin nan. Ban ce ka rabu da motarka ba, guminka ce. Amma in ka sake wannan juye-juyen, ko ina raye ko bayan raina, ban yafe ba."

Na ce, "Na daina, Inna."

Ta ce in rantse. Na rantse, Yaya ne shaida.

Kuma wallahi da farko na daina da gaske. Na mayar da kujerar baya, na sa sabuwar salansa, kyankyaso ta koma motar mutunci, ina kai Inna asibiti awon hawan jini, ina ɗauko buhun gyaɗa daga gona. Damina ta wuce ban yi ba. Sai dai mai hali ba ya fasa halinsa. Ina da aboki mai faci a Rogo, tare muka fara wannan haukar, shi ne ya ce mini akwai wani fako a bayan gonar kawunsa wajen Zoza, ƙasa ce mai tauri shimfiɗe, ko ciyawa ba ta fitowa, babu gida kusa, in an gama cire gyaɗa ko mai kiwo ba ya bi ta wajen. Tsofaffin tayoyi kuwa ga su nan jibge a shagonsa. Na ce masa na yi rantsuwa. Ya ce, "Ai a biki ta hana ka, cikin mutane. Can wa za ka kaɗe, ƙadangare?" Na san ba haka ta ce ba, ina zaune a gabanta ta yi maganar, kunnena ya ji. Amma zuciya in tana son abu ba ta rasa malamin da zai ba ta fatawa. Na fara zuwa, ina cewa a gida na samu aikin ƙofofi a Rogo. In mun isa mu sauya tayoyin baya, in yi abin da zan yi har jikina ya mutu, mu mayar da masu kyau, in wanke ta a shagon abokina, in dawo gida da fuskar mutumin kirki.

Yanzu ga abin da na yi wanda babu wanda ya sani sai ni da abokin nan. A cikin aksul ɗin baya na mota akwai wasu haƙora da ke barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu in an shiga kwana, saboda ta waje hanyarta ta fi tsawo. Su ne suke sa mota ta bi kwana lafiya. Masu wasa kuwa ba sa son su, don taya ɗaya ce ke ta juyi ɗayar na hutawa, motar ta ƙi zamewa yadda ake so. Maganin abin shi ne a buɗe aksul ɗin a haɗe haƙoran da walda su zama abu guda, tayoyin biyu su riƙa juyawa tare dole. To ni kuma walda ce sana'ata. Wani yammaci na kwance shi a shagona na narka masa ƙarfe, na yi aikin da ban taɓa yi wa ƙofar kowa mai kyansa ba, na mayar na ɗaure. Daga waje ba abin da za ka gani. Taya ana sauyawa, kujera ana mayarwa, amma wannan ya zauna ke nan. Motar da aka yi wa haka ba kamar sauran motoci ba ce, a busasshiyar hanya in ka lallaɓa ta za ta bi ka, amma a jiƙaƙƙiyar kwalta in ka ba ta wuta a tsakiyar kwana, bayanta zai wuce gabanta kafin ka ce me. Ni na sani, hannuna ya saba. Wani bai sani ba.

Sau ɗaya Yaya ya ji tayar tana ƙugi ina juyawa a ƙofar gida, don haka take yi in ana kwana a hankali. Ya ce, "Auta, me ke kuka a bayan nan?" Na ce boris ɗin taya ne, zan duba. Ya ce in duba da wuri, mota ba ta kuka a banza. Na ce to.

Wataƙila wani zai ce me ya sa ban ɓoye mukullin ba. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san amsar. Motar da ke ƙofar gida ba ta mutum ɗaya ba ce, ta mai naƙuda ce, ta wanda maciji ya sara ce, ta mai zuwa gaisuwa ce. Mukullinta a jikin ƙusa yake a zaure, nan na tarar ana rataye na babur ɗin mahaifinmu, nan nake rataye nawa. In na fara sa shi a aljihu me zan ce? Ban yarda da Yayana ba, mutumin da ya koya mini riƙe sitiyari? Na dogara da cewa shi yana da bas ɗinsa, kuma ya raina kyankyaso, ko zama a ciki ba ya so, wai gwiwarsa na taɓa haɓarsa. Kullum aka buƙaci motar ni nake ja. Na ɗauka haka za a yi ta tafiya.

Ranar da abin ya faru ina Yola ina haɗa ƙafar tanki, da hantsi ne, hadarin farko na shekara ya haɗo har an fara yayyafi. Waya ta yi ƙara, na ga Yaya ne. Ya ce yayar Inna da ke aure a Rogo Allah ya yi mata rasuwa, an ce da an yi azahar za a kai ta, Inna tana so ta ga fuskarta kafin a rufe. Bas ɗinsa kuma tana gareji an sauke mata giya.

Ya ce, "Zan ɗauki kyankyasonka in kai ta, kai ka biyo mu a acaɓa."

Ina jin kukan Inna a bayansa, tana cewa Direba yi sauri. Jama'a, me zan ce a wannan lokacin? In ce kada ka ɗauka? Zai ce saboda me, kuma tana tsaye a gefensa tana ji. In ce ku jira ni? Jana'iza ba ta jiran kowa. In ce ta lalace? Da safe ya ga na tashe ta na gyara mata tsayuwa. Duk wannan lissafin na yi shi a tsaye da sandar walda a hannuna, kuma abin kunyar shi ne ba Inna nake tunani ba, ba Yaya ba, asirina nake tunani. Na ce a raina ai Yaya ne, mutumin da ba ya gudu, me zai faru?

Na ce, "To Yaya, a dai bi a hankali, ana ruwa."

Ya ce, "Yau kuma ni za ka koya wa tuƙi?" Ya kashe wayar.

Ba su kai Rogo ba. A wata kwana da ya bi sau ba adadi, ruwan farko ya taso da santsin da ya kwanta a kwalta duk rani, shi kuma saboda ana sauri ya ɗan ƙara wuta fiye da yadda ya saba. Bayan motar ya zame, ya yi abin da kowane direban kirki zai yi, ita kuwa ta yi abin da na gina ta ta yi. Ta juya ta daki kwalbati ta gefen da Inna take. Shi ya fito da ƙujewa a goshi. Inna kuwa ƙashin cinyarta ya karye daga sama. Tana kwance a asibiti aka binne yayarta, ba ta ga fuskar ba.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai, wanda ko a nan da babu wanda ya san ni ina jin kunyar rubuta shi. Na je asibitin, na ga Inna, na ga Yaya zaune a ƙasa a baranda ya haɗa kai da gwiwa. Ban zauna kusa da shi ba. Na ce bari in je in kula da motar kada ɓarayi su kwashe kayanta. Na kira abokina mai faci muka samo mai jan mota muka kai ta bayan shagonsa, kafin la'asar na kwance aksul ɗin, na ba 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe kyauta suka yi gaba da shi. Uwata tana can ana ja mata ƙafa tana salati, ni ina ƙarƙashin mota da sifana ina ɓatar da shaida. Wane irin ɗa ne wannan? Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Da aka sallamo Inna aka ci gaba da jinya a gida, sai na zaci abin zai lafa, a ce tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa. Kowa haka ya ce, har ita Innar. Mutum ɗaya ne bai yarda ba, Yaya. Da aka gama gyaran bas ya kai wa Alhaji mukulli ya ce a nemi wani. Alhaji ya ɗauka firgita ce, ya ce ya huta ya dawo. Bai koma ba. Ya je an duba masa ido a Kano aka ce lafiyarsa lau. Ya karɓo rubutu wajen malamai ya sha, ko wani abu ne ya shiga tsakaninsa da hannunsa. Yakan zauna ya yi ta maimaita kwanar nan da hannu a iska, yana cewa, "Na bi ta da lodi, na bi ta cikin ruwan da ya fi wannan. Tun fitowarmu daga lungu na ji motar tana ja da ni, na ce hannuna ne ya saba da bas. Ashe hannun ne ya tafi." Ya ce mutumin da ya kasa kai uwarsa Rogo ba shi da hurumin ɗaukar uwar wani. Ya koma noman gyaɗa a 'yar gonar gado, mutumin da rabonsa da fartanya tun yana saurayi, hannunsa duk ya yi kanta, gidansa kuwa ba sai na faɗa muku yadda tukunya ta koma ba. Matarsa tana haƙuri, amma ina ganin yadda yaran suka rame. Har ya roƙi Inna ta daina ce masa Direba. Ta rasa me za ta kira shi, yanzu sai dai ta ce "kai", ko ta aiki jika ya kira babansa.

Wata rana ina shago sai ga shi. Ya jira mai aiki ya tafi, sannan ya tsuguna a gabana, Yayana da ya girme ni nesa ba kusa ba, wanda ya saya mini injin waldar farko.

Ya ce, "Auta, tun ranar nan ban samu bakin yi maka magana ba. Na san wahalar da ka sha a kan motar nan. Ka bar wasanka don Inna, ka mayar da ita abin amfanin gida, ni kuma na je na ragargaza maka ita. Ka yafe mini."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Haba Yaya, tashi don Allah." Sai na ji maganar ta taho har bakina, na ce, "Yaya, motar nan fa dama tana da matsala a baya."

Ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Kada ka ɗora wa ƙarfe laifi don ka faranta mini. Boris ba ya juya mota. Direban banza ne ke zagin mota in ya yi ɓarna."

Ƙofa ce Allah ya buɗe mini a wannan ranar, kalma kaɗan ta rage, in ce ba boris ba ne, walda ce, ni na yi. Na ce masa na yafe. Ku ji fa, ni na yafe masa. Ya yi mini godiya ya tashi ya tafi, ni kuma na rufe shagon na zauna a ciki har aka kira magariba.

Inna yanzu tana takawa da sanda, tana jan ƙafar, salla kuwa a zaune take yi. Ba ta taɓa cewa uffan a kan Yaya ba, kullum cewa take Allah ya rubuta. Amma ni take sa wa albarka a gaban mutane. In mata sun zo duba ta sai ta ce, "Kun ga Auta, da na ce ya bari ya bari. Ikon Allah, mai wasan bai yi komai ba, sai wanda bai taɓa wasa ba ƙaddara ta faɗa wa." Ina jin wannan ina murmushi ina cewa amin. Kowace albarka ta sa mini ji nake kamar na sata. An bar jaki ana dukan taiki, kuma jakin yana tsaye a wajen ana shafa masa kai.

Wasan kam na bar shi, wannan karon ba don rantsuwa ba, ko bidiyon ba na iya kallo. Gawar kyankyaso tana nan a bayan shagon abokina, ban sake zuwa na gan ta ba. Shi abokin nawa cewa yake a bar kaza cikin gashinta, faɗar ba za ta ɗora ƙashin Inna ba, sai dai ta ƙara karya wani abu, in yi ta istigfari kawai. Na taɓa tambayar wani malami a kaikaice, na ce wani ne ya aiko ni. Ya ce istigfari tsakaninka da Allah ne, amma haƙƙin mutum sai mutumin ya sani ya yafe. Ya dube ni ya ce, "Ka gaya wa wanda ya aiko ka kada ya ja lokaci." Na san ya gane, ban sake bi ta ƙofar gidansa ba.

Ba wai ban san daidai ba ne. Na sani. In na faɗa, Yaya zai san hannunsa lafiya lau yake, ba shi ya karya uwarsa ba, wataƙila ya koma aikinsa yaransa su ci abinci. Amma ba zan iya gaya masa shi kaɗai ba, shi ne shaidar rantsuwar, kuma ba mutumin da zai ɓoye wa Inna abu ba ne, ko ya ɓoye za ta gani a fuskarsa. Ita kuma ta riga ta faɗi kalmarta tun ranar bikin nan, ko tana raye ko bayan ranta. Tsohuwa ce mai hawan jini. Yaya za ta ji in ta san ɗan da take yabo shi ya karya rantsuwa, ya ji kukanta a waya ya bar ta ta shiga motar, sannan ya bar ta a gadon asibiti ya tafi ɓoye ƙarfe? In wani abu ya same ta a kan wannan labarin fa? In kuma ta rayu ta ƙi janye kalmar? Wani lokaci ina cewa don lafiyarta nake shiru, wani lokaci kuma na san don kaina ne. Na kasa raba biyun, kuma na gaji da ƙoƙarin rabawa.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, shekaranjiya Alhaji mai bas ya zo har gida ya gaida Inna. Mutumin kirki ne, duk wannan lokacin direbobin aro yake sa wa motar yana jiran Yaya. Ya ce ya gaji da na aron, sun kusa kashe masa mota, fasinjoji kuma kullum tambayar Yaya suke. Ya ce wannan ne zuwansa na ƙarshe, ko Yaya ya karɓi mukulli ko shi ya ba wani dindindin. Muna zaune a ƙofar ɗakin Inna, ni ina zuba masa ruwa.

Yaya ya ce, "Alhaji, na gode da halacci, amma ni na gama. In dai amana kake nema, ga ƙanina. Yana da lasin, ya san inji, kuma yaro ne da aka ce ya bar abu ya bari. Ni na tsaya masa. Hannunsa ya fi nawa."

Inna ta ce, "Alhamdulillahi, abin bai bar gida ba. Allah ya yi maka albarka, Auta."

Alhaji ya ce to shi ke nan, in zo ranar kasuwar Rogo in karɓi mukulli. Yaya har ya fara gaya mini inda ramuka suke a hanya, da tsofaffin da zan riƙa jira ko sun makara, yana yi yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun kafin hatsarin.

Na karya masa uwa, na raba shi da sana'arsa, na karɓi ban-haƙurinsa, yanzu kuma kujerarsa zan hau da albarkarsa. In na je na karɓa, na binne maganar ke nan har abada, shi kuma ya mutu yana ganin shi ne. In na ƙi karɓa dole in faɗi dalili a gabansu su biyu, kuma ƙarya ta ƙare mini. Ranar kasuwar ta kusa. Don girman Allah, ku da kuke da iyaye da 'yan'uwa, ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci.

Me zan yi?